Muna Kallon Labarina, Muna Korar Namu

Mu Katsinawa baki biyu gare mu. Da dare muna rige-rigen sayen data don kallon Labarina, gari na wayewa yaron da ya ce zai koyi ba da umarni mu kira shi ɗan iska. To, Aminu Saira daga sama ya faɗo? Ɗan Gwammaja ne, da finafinan bidiyo ya fara, ya yi Jamila da Jamilu, kafin Labarina ya mamaye wayoyinmu a 2020. Kano, duk da tsaurin hukumar tace finafinanta, ta ba shi filin gwaji. Mu da muka haifi Umaru Ɗanjuma Kasagi, marubucin Kulɓa Na Ɓarna, yau duk ɗanmu da ya riƙi kyamara sai ya hau motar Kano.