Matan Gee's Bend Da Komawa Bakin Allura

A makon nan za mu ƙetare teku mu tafi wani ɗan ƙauye a Jihar Alabama, can kudancin Amurka, inda baƙar fata jikokin bayi su ke zaune. Sunan ƙauyen Gee's Bend, ko da ya ke a takardun gidan waya Boykin a ke rubutawa. Mutanen cikinsa ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, kogin Alabama kuma ya yi masa ƙawanya ta fuska uku. Abin da ya fitar da sunansa duniya shi ne bargon faci da matan wurin su ke ɗinkawa, wanda da Turanci a ke kira kwilt. Ni kuwa abin da ya fi kama hankalina shi ne labarin waɗanda wahalar gida ta raba su da allura shekara da shekaru, sa'an nan suka komo suka tarar wurin zamansu yana nan cikin 'yan'uwa.

Kafin mu yi nisa ya kamata mu san yadda a ke yin bargon, gama a nan gaɓar maganar ta ke. Wanda ya taɓa ganin 'yan lifida ranar hawan salla ya riga ya san rabin aikin. Kamar yadda a ke cusa auduga tsakanin ƙyalle biyu a bi da allura a danne ta, a sami lifidin da doki da mahayi za su sa, haka shi ma wannan bargo ya ke hawa uku: ƙyallen sama, auduga a tsakiya, da ƙyallen ƙasa. Bambancin shi ne fuskar sama ba yadi guda ba ce, guntayen tsumma ne a ke yankawa a haɗa su ɗaya bayan ɗaya har su kai faɗin gado. Watau aikin kashi biyu ne. Haɗa guntaye mace ta kan yi shi ita kaɗai a ɗakinta, da dare, bayan ta gama da gona da murhu da yara. Amma danne hawa ukun nan wuri ɗaya, wannan aikin gayya ne. A kan shimfiɗa bargon a kan katako huɗu da aka haɗa, mata su kewaye shi kowace da allurarta, suna ɗinki suna waƙoƙin coci. In an gama na wannan gida a koma na gaba, galibi lokacin sanyi bayan an kawar da amfanin gona.

To, ina waɗannan mutane suka fito? A shekarar 1816 wani Bature mai suna Joseph Gee ya kafa gonar auduga a wannan lanƙwasa ta kogi, da bayinsa. A 1845 gonar ta koma hannun Mark Pettway, wanda ya taso da bayi wajen 100 daga Karolina ta Arewa, aka koro su a ƙasa har Alabama. Da aka 'yanta bayi bayan yaƙin basasar Amurka, yawancinsu ba su tafi ko'ina ba. Suka zauna suna noman haya a gonar da suka yi bauta, suka kuma riƙe sunan ubangidan. Shi ya sa har yau in an kira Pettway a ƙauyen mutum da yawa za su waiwayo.

Gidajensu na katako ne, iska tana shiga ta ko'ina, har sai an manna tsofaffin jaridu a bango don toshe kafofi. Sanyin can kuwa ba irin hunturunmu ba ne da wuta kaɗan ta ke kora. Saboda haka bargo a wurinsu ba kayan ado ba ne, in babu shi yara za su kwana suna kaɗuwa. Kuɗin sayen yadi kuma babu. Wandon noma da ya mutu, da rigar da ta yage, da buhun fulawa, da buhun taki, duk a farke a wanke a ajiye.

Shekarar da ba su manta da ita ba ita ce 1932. Farashin auduga ya faɗi warwas, manoman kuwa duk suna cin bashi wurin wani ɗan kasuwa a Camden, babban garin gundumar, wanda ke hayin kogi. Da mutumin ya mutu sai magadansa suka aiko a karɓi bashi. Aka bi gida gida, gidaje fiye da 60, aka kwashe alfadarai da shanu da kaji da garma da hatsin da ke rumbu. Da ba don abincin da ƙungiyar agaji ta Red Cross ta raba a lokacin sanyin nan ba, da yunwa ta yi ɓarna. Sai a 1937 gwamnatin Shugaba Roosevelt ta sayi ƙasar, ta gina musu gidaje, daga baya ta sayar musu da gonakin da sauƙi.

Akwai wani bargo na 1942 da na ke so mu tsaya a kansa. Wata mata mai suna Missouri Pettway mijinta Nathaniel ya yi jinya wata da watanni ya rasu. Abin da ya bari na tufafi kayan gona ne, duk sun ƙoƙe, gwiwoyin wandunan sun sha faci. Ta farke su, 'yarta Arlonzia tana taya ta, ta haɗa bargo da su domin ta riƙa rufa tana tunawa da shi. Arlonzia ce ta ba da labarin bayan ta tsufa. Wanda ya dubi hoton bargon zai ga inda rana ta cinye shuɗin yadin, da jan ƙasar gona da wanki bai fitar ba. Allah Sarki! Ai wannan sana'a ce da tun asali da ragowar wahala a ke yin ta, don haka wadda wahala ta tsare ta shekara goma ko ashirin, in ta komo, ba da hannu wofi ta komo ba. Kayan aikin suna nan jibge a ɗakinta.

Zamanin gwagwarmayar neman 'yancin baƙar fata ma bai bar su ba. Da mutanen ƙauyen suka fara ƙetarewa Camden don a rubuta sunansu cikin masu jefa ƙuri'a, sai hukumomin gunduma suka tsai da jirgin fito a 1962. Garin da ke hayin kogi ya koma tafiyar kusan mil 40 ta hanyar mota, ga shi masu mota ba su da yawa. Martin Luther King ya ziyarce su a 1965, kuma da aka kashe shi a 1968 alfadarai biyu daga Gee's Bend ne suka ja amalanken da ya ɗauki gawarsa a Atlanta. A tsakanin nan, a 1966, wani limamin coci mai suna Francis Walter ya taimaki matan yankin suka kafa ƙungiyar gama kai ta masu ɗinki, Freedom Quilting Bee, wadda ta riƙa sayar da barguna ga manyan kantunan Niyu Yok. Kuɗi sun shigo, gaskiya ne, amma kanti yana son kowane bargo ya yi daidai da ɗan'uwansa, layi ya miƙe sak, alhali matan Gee's Bend sun saba kowace ta bi abin da idonta ya ba ta. A 1972 ƙungiyar ta sami kwangila daga kamfanin Sears ta ɗinka rigunan matashin kai da wani yadi mai kauri mai layi-layi kamar kunyoyin gona. Guntayen da suka rage matan suka kwashe zuwa gida, suka yi nasu bargunan yadda suka ga dama.

Duk da haka sana'ar ta yi ta ja da baya. Noman auduga ya mutu, samari da 'yan mata suka watse birane neman aiki, gidaje suka sami abin ɗumama ɗaki, bargon kanti kuma ya yi araha. Wajen shekarun 1990 'yan tsofaffi kaɗan ne suka rage suna ɗinki. Har ma akwai abin da ya fi wannan ciwo, watau mata da yawa sun ɗauki bargon faci alamar talauci ce, abin da ba a nuna wa baƙo. Sa'ad da wani mai tara kayan fasaha, William Arnett, ya ga hoton bargon Annie Mae Young cikin wani littafi, ya bi sawu har ƙofar gidanta wajen ƙarshen shekarun 1990, da fari ta zaci ta riga ta ƙone shi, domin ba da daɗewa ba ta cinna wa waɗansu tsofaffin barguna wuta don hayaƙin ya kori sauro. Sai washegari ta lalubo shi.

A 2002 aka baje barguna wajen 70 a gidan adana kayan fasaha na birnin Houston, daga nan aka kai su gidan Whitney a Niyu Yok. Masana suka yi ta yabo, suna jera su da ayyukan manyan masu zane na zamani. Aka ɗebi matan ƙauyen a bas aka kai su Houston su gani da idonsu.

Cikin waɗanda suka shiga bas ɗin nan akwai Louisiana Bendolph, wadda aka haifa a 1960. Ita ta tashi ne a gonar auduga. Ta sha faɗin yadda motar makaranta ta kan wuce tana tsakiyar gona, gama ba a barin yara su tafi aji sai aiki ya lafa ko ruwan sama ya hana fita. Ta yi bargonta na fari tana da shekara 12, ba don sha'awa ba, don gida yana bukata. Da ta girma ta yi aure ta koma birnin Mobile, ta ajiye allura shekaru masu yawa, a ganinta ta rabu da wannan rayuwa ke nan. Ta je Houston ne a matsayin 'yar rakiya. Sai ga bargon Annie E. Pettway, kakar mahaifiyarta, rataye a bango da sunanta a ƙasa, mutane suna tsaye suna kallo. Ta ce a kan hanyar komawa gida siffofin barguna suka fara zuwar mata a zuci, suka ƙi barinta ta huta sai da ta zana su a takarda ta koma kan ɗinki. Shekara uku bayan haka, a 2005, ita da surukarta Mary Lee Bendolph suna wata maɗaba'ar masu zane a Kalifoniya ana buga zanensu a takarda.

Ita Mary Lee ɗin, wadda aka haifa a 1935, ta bar makaranta tana da shekara 14, ta haifi 'ya'ya takwas, ta yi noma ta yi aikin masaƙa, ɗinkin bargo sai abin da lokaci ya bari. Sai da girma ya zo ta sami sararin komawa kansa sosai, kuma ba ta daina fifita tsofaffin tufafi a kan sabon yadi ba. Loretta Pettway kuma, haihuwar 1942, ta faɗa da bakinta cewa tana yarinya ba ta son ɗinki ko kaɗan, kakarta ce ta tilasta mata, a kan aikin gona da hidimar gida da suka riga suka yi mata yawa. Bargonta yana cikin guda 10 da gidan wayar Amurka ya buga a kan sarki a 2006, kuma a 2015 gwamnatin ƙasar ta ba ta lambar girma ta masu sana'ar gargajiya tare da Mary Lee da Lucy Mingo.

Wani zai ce kuɗi da suna ne suka komo da su. Ban musa ba, suna da hannu a ciki, kuma wanda ya san talauci ba ya raina wannan dalili. Sai dai kuɗi suna iya sa mace ta ɗauki allura, ba su iya koya mata abin da ta bari tun tana yarinya. Wannan sai uwa da inna da suruka. A ganina abin da ya sauƙaƙa komowar shi ne yadda aikin ya kasu tun asali. Wadda jinya ko reno ko takaba ta tsare tana iya haɗa guntayenta a ɗaka, ko ta bar su cikin buhu har ranar da ta sami kanta. Ranar da ta fito kuwa ba ta bukatar dogon bayani, domin kowace da ke zaune a bakin katakon nan ta san irin abin da ya kan tsare mace, kuma hannu ɗaya da ya ƙaru yana rage wa kowa aiki. Mu kan yi kuskure a nan cikin ƙungiyoyinmu, mu ɗauki wanda ya daɗe bai zo ba kamar mai laifi, a tare shi da lissafin tarurrukan da ya rasa da kuɗin da a ke binsa, har kunya ta sa ya ƙara nisa.

Kada kuma a zaci labarin ya ƙare da daɗi zalla. A 2007 Annie Mae Young da Loretta Pettway suka kai ƙarar Arnett da 'ya'yansa a kan maganar kuɗi da hakkin hotunan bargunansu, aka kashe maganar a 2008 ba tare da an kai ga yanke hukunci ba, waɗansu matan kuwa suka tsaya bayan Arnett ɗin. Ga shi an ga yadda kuɗi su ke shiga tsakanin mutanen da yunwar 1932 ba ta raba ba. Gundumar Wilcox, inda ƙauyen ya ke, ta daɗe cikin jerin mafi talauci a Amurka, yabon masana bai gina mata masana'anta ba. Amma ƙungiyar da matan suka kafa a 2003 don sayar da aikinsu da kansu ta ba waɗanda suka komo wurin zama, 'ya'ya da jikoki kuma suka shigo, har da waɗanda ke zaune a birane suna zuwa gida da nasu guntayen.

Jirgin fiton nan da aka tsayar a 1962 an komo da shi a watan Satumba na 2006, bayan shekara 44. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.