Hannun Wa Ya Ƙera Wuƙarka?

Kwanan baya wani abokina maharbi ya dawo daga Amurka da wata wuƙa wadda ya zuba wa kuɗi masu yawa, yana ta alfahari wai ƙirar hannu ce. Da na karanta takardar da ke cikin kwalinta, sai na ga inji ne ya yanka ƙarfen, maƙerin kuwa wasa ta kawai ya yi, ya buga sunansa. Ran abokina ya ɓaci, yana ganin an cuce shi. Na ce masa takarda ba ta ɓoye kome ba, shi ne dai ya shiga kasuwar da bai san ƙa'idarta ba. A wajen Turawan Amurka wuƙa iri uku ce, kowace da kuɗinta.

Ta farko ita ce ƙirar mutum ɗaya. Maƙeri shi ke zana siffar wuƙa, ya fitar da ruwanta, ya gasa ƙarfen ya tsoma shi a mai don ya yi tauri, ya sa mata ƙota, sau da yawa har kuben ma shi ke ɗinkawa. Mai saye yakan faɗi tsawon da yake so da irin aikin da zai yi da ita. Wanda ya yi fice a wannan fanni shi ne Bob Loveless, wanda ya rasu a 2010. A 1953, yana aikin jirgin ruwa, ya shiga wani kanti a birnin New York neman wuƙar Randall, aka ce masa sai ya jira wata 9. Bai iya jira ba, ya samo ƙarfen sifirin na tsohuwar mota ya ƙera tasa, watau dai ƙarfen da maƙeranmu na Kano da Sakkwato suka daɗe da sanin darajarsa. Daga baya yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar maƙeran wuƙa ta Amurka a 1970.

Ta biyu ita ce ta masana'anta. Misali kamfanin Victorinox na ƙasar Suwizalan, wanda Karl Elsener ya kafa a 1884 a garin Ibach, yana fitar da dubun dubatar wuƙaƙe kowace rana. Inji ke datse ƙarfe, inji ke wasawa, kuma wadda aka saya a Legas daidai take da wadda aka saya a Landan. Kada mai karatu ya raina ta, gama inji ba ya gajiya, ba ya mantuwa, kuma kuɗinta da sauƙi. Abin da ba ta da shi kawai shi ne ba wanda zai tambaye ka ra'ayinka kafin a ƙera ta.

Ta uku, wadda ta rikita abokina, ita ce ta tsaka-tsaki, ita ma hanya biyu ake bi wajen yin ta. Hanya ta ɗaya ita ce ta gidan Randall da ke Orlando a jihar Florida, wanda Bo Randall ya kafa a 1938, sojojin Amurka kuma suka ɗaukaka sunansa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A nan ma'aikata ne da dama ke aikin da hannu, wannan ya ƙera, wancan ya wasa, wani ya sa ƙota. Mai saye zai zaɓi ɗaya daga cikin samfurori fiye da 20, ya zaɓi tsawon ruwa da irin ƙarfe, ya ce ƙotar fata yake so ko ta ƙahon barewa, sa'an nan ya shiga layin da kan kai shekaru. Amma ba zai kawo nasa zanen ba. Hanya ta biyu kuwa ita ce maƙeri ya zana wuƙa, ya ba wani kamfani ya yanka masa ɗari ko ɗari biyu da injin da kwamfuta ke sarrafawa, shi kuma ya haɗa, ya wasa, ya duba kowace ɗaya. Ta abokina irin wannan ce.

To, ina bambancin yake? Ko shakka babu dukansu za su yanka rago. Abin da kuɗin ke saye shi ne lokacin gwani, da damar zaɓi, da sanin wanda za ka koma wa in wuƙa ta karye. Ta mutum ɗaya ta fi tsada domin hannu biyu ne kacal, kwanakin shekara kuwa ba sa ƙaruwa. Ta tsaka-tsaki tana kawo wa mai matsakaicin ƙarfi zanen gwani a kan kuɗin da bai kai wancan ba. Babu aibu cikin haka muddin an faɗi gaskiya. Aibun yana zuwa ne ranar da mai sayarwa ya laƙaba wa aikin inji sunan aikin hannu, ya karɓi kuɗin gumin da ba a zubar ba.

Saboda haka duk wanda zai sayi wuƙa mai tsada, sai ya yi tambaya uku: wa ya zana ta, wa ya fitar da ruwanta, wa ya gasa ƙarfen? Mai gaskiya zai amsa ba tare da inda-inda ba. Wanda ya fara kewaye-kewaye kuwa, mayar da kuɗinka aljihu. Abokina dai da wuƙar tasa ya yi layya, ta kuma yi aikin da ake so, sai dai ya daina ce mata ƙirar hannu.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.