Kar mu bari a yanke wayar mota don soket bai shiga ba

'Yan uwa, da yawanmu a nan Legas da motar tokumbo muke neman abinci. Mukan je Ladipo mu sayo rediyo ko kyamarar ribas, a zo ɗaurawa sai a tarar soket ɗinta bai dace da na motar ba. Nan take mai gyara zai zaro reza ya yanke, ya murɗe, ya naɗe da salatif, mu kuma muna tsaye muna cewa ya yi sauri.

Wannan ganganci ne. A rediyon kasuwa, waya ruwan ɗorawa wutarta kai tsaye daga batir take, ja sai an murɗa makulli take kawo wuta, baƙa kuma a jikin mota ake haɗa ta. Amma launin wayoyin Toyota daban, na Honda daban, na Peugeot daban. In aka bi launi ido rufe, rediyo za ta riƙa manta tashoshi, ko a wayi gari batir ya mutu, ko waya ta yi zafi ta kama da wuta. Mafi haɗari, soket ruwan ɗorawa a cikin mota galibi na jakar iskar da ke kare direba ne in an yi hatsari.

Mu nemi adafta ta ƙirar motarmu tun a kasuwa. A gwada kowace waya da mita, a cire kan batir kafin a haɗa, a sa fiyus daidai ƙarfinsa, ba guntun waya ba. Mai gyaran da ba shi da mita, mu ja motarmu mu yi gaba.

Allah Ya tsare mu da dukiyarmu.