Waiwaye: Ron Ziegler, Matashin da Ya Ba Nixon Aron Bakinsa

A watan Janairun 1969, da Richard Nixon ya sha rantsuwar kama mulkin Amurka, ya ɗauko wani matashi ɗan shekara 29 mai suna Ron Ziegler ya naɗa shi mai magana da yawun Fadar White House. Ba a taɓa ba mai ƙarancin shekaru irin nasa wannan kujera ba, kuma sai da aka shekara 56 kafin a samu wadda ta fi shi ƙuruciya a kanta, wato Karoline Leavitt, da aka naɗa a 2025 tana da shekara 27. Ziegler ya shekara biyar da rabi a kan muƙamin. Ya shige shi ana yi masa kallon yaro mai sa'a, ya fito babu ɗan jaridar da ke ɗaukar maganarsa da muhimmanci. Abin da ya faru tsakanin shigarsa da fitarsa shi ne abin waiwayenmu na yau.

An haifi Ziegler a 1939 a garin Covington na jihar Kentucky, ya kammala karatu a Jami'ar Kudancin Kalifoniya a 1961. Yana ɗalibi ya yi aiki a filin shaƙatawa na Disneyland, inda yake zagayawa da baƙi cikin jirgin ruwa yana yi musu bayani. Tun a nan aka san bakinsa na da zaƙi. A 1962 ya shiga yaƙin neman zaɓen Nixon na gwamnan Kalifoniya. Nixon ya sha kaye, amma Ziegler ya samu uban gida: H. R. Haldeman, wanda ya jagoranci yaƙin, ya ja shi kamfanin talla na J. Walter Thompson. Da Nixon ya sake fitowa takarar shugaban ƙasa a 1968, Haldeman ya taho da yaronsa. Da aka ci zaɓe, Haldeman ya zama shugaban ma'aikatan fadar, Ziegler ya zama kakaki.

Ziegler bai taɓa aikin jarida ba. Sana'arsa talla ce, shi kuwa mai talla ba a tambayarsa ko kayan na da kyau, aikinsa ya sa a saya. Wannan ya yi wa Nixon daidai, domin mutum ne da ya daɗe yana ganin 'yan jarida a matsayin abokan gaba. Ba ya neman dattijon da zai ce masa "ranka ya daɗe, wannan ba za ta faɗu ba." Yana neman mai ladabi, mai haddace abin da aka ba shi, wanda ba zai ƙara ba, ba zai rage ba. A shekarun farko abin ya tafi lami lafiya. Ziegler ya raka Nixon ziyararsa mai tarihi zuwa China a Fabrairun 1972, ya kuma bi shi Mosko a watan Mayu. Duniya ta san fuskarsa yana ɗan shekara talatin da 'yan kai.

Sai ranar 17 ga Yunin 1972 ta zo. 'Yan sanda suka kama mutum biyar cikin dare a ofishin jam'iyyar adawa ta Democrat da ke ginin Watergate a birnin Washington, ɗauke da na'urorin naɗar magana. Ɗaya daga cikinsu, James McCord, shi ne jami'in tsaro na kwamitin sake zaɓen Nixon. Bayan kwana biyu aka tambayi Ziegler, ya ce wannan wata 'yar sata ce ta ƙananan ɓarayi, ba abin da fadar shugaban ƙasa za ta tanka ba ne. Kwana huɗu kacal bayan wannan furuci, ranar 23 ga Yuni, Nixon da Haldeman suka zauna a ofis suka tsara yadda za a sa hukumar CIA ta taka wa binciken FBI birki. Na'urar da Nixon ya sa aka dasa a ofishinsa ta naɗi hirar. Ziegler ba ya cikin wannan ƙus-ƙus. Shi dai kullum ana turo shi gaban 'yan jarida ya musanta.

Kuma ya musanta da dukan ƙarfinsa. A watan Oktoba, da jaridar Washington Post ta matsa da rahotannin Bob Woodward da Carl Bernstein, har ta ambaci Haldeman cikin masu iko da wani asusun sirri na yaƙin zaɓe, Ziegler ya tsaya a gaban kyamara ya zargi jaridar da aikin jarida na ƙasƙanci da ɓata sunan mutane. Jaridar ta yi kuskure a wani ɓangare na rahoton, game da wurin da shaidarta ya faɗi maganar, amma gundarin labarin gaskiya ne. Ziegler ya kama kuskuren ya rufe gaskiyar da shi. A Nuwamba Nixon ya lashe jihohi 49 cikin 50, kowa ya ɗauka ƙura ta lafa.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ranar 17 ga Afrilun 1973 Nixon ya fito ya ce an samu sababbin bayanai masu nauyi a kan Watergate. Yana fita ya bar Ziegler da 'yan jarida. Suka yi masa caa: to ina makomar abin da ka yi wata goma kana gaya mana? Suka maimaita, ya zille, suka sake maimaitawa. Daga ƙarshe ya ce bayanin yau shi ne mai aiki, na baya duk sun daina aiki. Da wannan jimla ɗaya ya shafe maganarsa ta wata goma, ya kuma shafe dalilin da zai sa a yarda da ta gobe. Ranar 30 ga Afrilu Haldeman da wani babban hadimin Nixon, John Ehrlichman, suka sauka, aka sallami lauyan fadar, John Dean. Washegari Ziegler ya nemi afuwar Washington Post da 'yan jaridar nan biyu a bainar jama'a. Ya kyauta da ya yi hakan, sai dai magana zarar bunu ce. Ba a jima ba aka miƙa wa mataimakinsa, Gerald Warren, ganawar yau da kullum da manema labarai, domin ɗakin ya daina sauraron Ziegler.

Akwai wani abu da ya faru ranar 20 ga Agustan 1973 a birnin New Orleans. Nixon na shirin shiga zauren taron tsofaffin sojoji, ya waiga ya ga Ziegler na biye da shi, 'yan jarida na biye da Ziegler. Ransa ya ɓaci. Ya damƙi kafaɗun kakakinsa da hannu biyu, ya juya shi, ya ingiza shi wajen 'yan jaridar. Kyamarorin talabijin na ɗauka. Mutumin da ya ƙarar da mutuncinsa wajen kare maigida, ga shi maigidan na hankaɗa shi a idon duniya. Duk da haka bai tafi ba. Da aka saki faifan hirar 23 ga Yuni a farkon Agustan 1974, Nixon ya yi murabus ranar 9 ga watan, Ziegler na cikin jirgin da ya kai shi San Clemente a Kalifoniya, ya kuma zauna da shi watanni lokacin da manya suka watse.

Adalci ne a faɗi cewa ba a taɓa gurfanar da Ziegler a kotu kan Watergate ba, alhali uban gidansa Haldeman ya yi wata 18 a gidan yari. Shi ma ya tsaya a kan cewa ba a sanar da shi abin da ake ƙullawa ba. Na yarda amanar da ya riƙe wa Nixon a ranar wuya halin kirki ce. Amma rashin sani ba ya wanke kakaki, domin aikinsa kenan ya sani kafin ya buɗe baki. Tun daga ranar da aka ce jami'in tsaron kwamitin zaɓensu na cikin waɗanda aka kama, akwai tambayar da ya kamata ya shiga ofis ya yi. Me ya hana shi? A ganina, duk abin da ya mallaka daga hannu ɗaya ya fito. Aikinsa na farko, muƙaminsa, sunansa, duk Haldeman da Nixon ne suka ba shi. Wanda ba shi da wurin komawa, da wuya ya yi tambayar da amsarta za ta iya raba shi da kujera.

A duba wanda ya gaji Ziegler. Shugaba Gerald Ford, wanda ya gaji Nixon, ya naɗa Jerald terHorst, tsohon ɗan jarida daga Detroit News. Wata ɗaya ya yi. Ranar 8 ga Satumban 1974, da Ford ya yi wa Nixon afuwa, terHorst ya ajiye aiki saboda ba zai iya kare matakin da zuciyarsa ba ta amince da shi ba. Ya koma alƙalaminsa da mutuncinsa. Ziegler kuwa ya ƙarasa rayuwar aikinsa a shugabancin ƙungiyoyin 'yan kasuwa, ciki har da ta manyan kantunan sayar da magani, ya rasu a Fabrairun 2003 yana da shekara 63. Jaridun da suka ba da labarin rasuwarsa, waɗancan kalamai biyu, na ƙananan ɓarayi da na bayanan da suka daina aiki, suka sa a gaba.

Wannan labari ya shafi matasanmu kai tsaye. A yau da wuya ka ga gwamna ko sanata da ba shi da tarin masu taimaka masa kan yaɗa labarai, yawancinsu samari masu kaifin baki da suka yi suna a rediyo ko Facebook. Aiki ne na halak, kuma gwamnati na bukatar mai bayyana wa talaka abin da take yi. Amma ƙanena, in an kira ka, ka shiga da sharaɗi. Ka nemi a riƙa zama da kai inda ake yanke shawara, kada a bar ka a ƙofa ana miƙo maka takarda. Abin da ba ka tabbatar ba, ka ce za ka bincika, kada ka rantse a kansa. Kada ka zagi ɗan jarida don ya yi tambayar da kai ma ya kamata ka yi. Ka riƙe sana'arka da kyau, domin ita za ta ba ka ƙarfin cewa a'a ranar da aka ba ka ƙarya ka karanta. Wa'adin maigida shekara huɗu ne ko takwas, kai kuwa da sunanka za ka nemi abinci har ƙarshen rayuwarka.