Ikon Maigadi Iyakarsa Bakin Ƙofa

Zuwa ga Edita. Ga wasiƙata ta wannan mako daga Tudun Kaya, cikin ƙasar Ƙaraye.

Yau ina so in ja hankalin 'yan'uwana malamai da akawuna bisa wata rigima da ta yawaita tun da ɗaukar hoto ya koma cikin wayar hannu. A da mai hoto sana'a gare shi, da akwatinsa mai ƙafa uku da baƙin ƙyalle. Yanzu kuwa ko yaron da ya kai kaji kasuwa yana da abin ɗauka a aljihu. To, sai ka ga saurayi ya shiga birni, ya tsaya bisa titi yana ɗaukar wani gini da ya ba shi sha'awa, kafin ka ce kwabo maigadi ya fito da kulki yana cewa a goge, ko kuwa a miƙo wayar. Shi kuma saurayin, don rashin sani, sai ya kama ba da haƙuri, wani lokaci har da ɗan na goro.

Kada a zaci wannan cuta tamu ce kaɗai. A Ingila an yi dokar ta'addanci ta 2000, wadda sashenta na 44 ya ba 'yan sanda ikon tsai da mutum su caje shi ko ba su zarge shi da kome ba. Masu hoto suka sha wahala ƙwarai, har a watan Janairu 2010 suka yi gangami a dandalin Tarafalga suna cewa su ba 'yan ta'adda ba ne. Cikin wannan watan kotun haƙƙin ɗan'adam ta Turai ta ce sashen ya saɓa wa 'yancin mutane, a 2012 aka soke shi. Amma masu gadi ba su daddara ba. A 2011 wasu masu hoto shida suka yi gwaji a tsakiyar birnin Landan, kowa ya tsaya bisa hanyar jama'a yana aikinsa. Duk shidan sai da masu gadi suka tare su, sau uku har aka kira 'yan sanda. Da suka zo, sai suka ba masu hoto gaskiya.

A nan ƙasarmu, sashe na 39 na Tsarin Mulki na 1999 ya ba kowa 'yancin samun labari da yaɗa shi. Maigadin kamfani kuwa ba ɗan sanda ba ne, dokar 1986 da ta tsara aikinsa ko bindiga ba ta yarda ya riƙe ba. In kana cikin shingen maigidansa, yana iya hana ka, yana iya fid da kai, wannan daidai ne. In kana bisa titi, watau hanyar da talaka da sarki ke bi, ban ga inda ya samo ikon ƙwace maka waya ba. Gogewar nan ita ta fi ba ni haushi, gama in hoton laifi ne to shaida ce, ba a ɓad da shaida kafin a je gaban alƙali. In ba laifi ba ne, dukiyar mutum ce. Ku tuna hoton bidiyon da aka ɗauka a Ugheli a watan Oktoba 2020 shi ya ta da jama'a har Gwamnati ta rushe rundunar SARS. Da an goge shi fa?

Sai dai kada samari su ɗauki maganata su tafi barikin soja da ita. Dokar sirrin Gwamnati ta 1962 ta tsare wuraren tsaro, can babu gardama. Haka wanda ya je madatsar ruwa ta Calawa, wadda aka gama a 1992 a nan ƙasar Ƙaraye, in ya shiga harabar ma'aikata ya fara sallama ya nemi izini. Gidajen mutane kuwa sashe na 37 ya tsare sirrinsu, mu ma tun kafin Tsarin Mulki ba mu leƙa bayan zaure.

Wanda maigadi ya tare bisa hanya, shawarata ita ce ya gaishe shi da ladabi, gama yawancinsu dattawa ne masu tsoron kada a kore su daga aiki. Ya gaya masa inda yake tsaye, ya riƙe wayarsa, kada ya yi kokawa. In abin ya ƙi ƙarewa, shi da bakinsa ya ce a kira ɗan sanda. Wassalam.