Dusar Ƙanƙara Ba Ta Jiran Majalisa

Duk lokacin hunturu, hotuna iri ɗaya ne ke fitowa daga Labanan, suna tayar da muhawara iri ɗaya. Uba ya durƙusa yana ɗaure wa 'yarsa takalmin zamiya, uwa na riƙe da safar hannun ƙaramin, bayansu kuma dutse fari fat. Wurin shi ne Mzaar Kfardebian, filin wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara mafi girma a ƙasar, tafiyar kamar awa guda a mota daga Bairut. Masu suka sukan ce: ƙasa na ci da wuta, waɗannan kuma suna sheƙe aya. Zargi ne mai nauyi, kuma akwai gaskiya a cikinsa. Sai dai an ɗora shi a kan wanda bai dace ba.

Da farko, yana da kyau a san girman wutar. A ranar 17 ga Oktoba, 2019, mutane suka cika tituna bayan gwamnati ta yi yunƙurin sanya haraji a kan kiran WhatsApp. Harajin ƙarami ne, amma shi ya fasa ƙurjin da ya daɗe yana tara ruwa. Bankuna suka hana mutane cire ajiyarsu. Lira, kuɗin ƙasar da aka riƙe a kan kusan 1,500 kowace dala tun 1997, ta zube har dala guda ta haura lira 100,000 a kasuwar bayan fage a 2023. Malamin makaranta da ya yi shekara talatin yana tari ya wayi gari kuɗinsa lamba ce kawai a takarda. A ranar 4 ga Agusta, 2020, tashar jiragen ruwan Bairut ta tarwatse, mutum fiye da 200 suka mutu. Michel Aoun ya bar fadar shugaban ƙasa a ƙarshen Oktoban 2022, kujerar ta zauna babu kowa fiye da shekara biyu, majalisa ta zauna sau goma sha biyu ba ta iya zaɓar magaji ba. Ana cikin haka yaƙin Isra'ila da Hizbullah ya ƙazanta a 2024.

A duk waɗannan shekaru dusar ƙanƙara ba ta fasa sauka ba. Ga wanda ya san 'yan Labanan ta hanyar kantunansu da masana'antunsu a Kano, ko ta sunan titin Bairut, abin na iya zama baƙo: ƙasar Larabawa da ƙanƙara? Amma farin dutsen nan ya girmi ƙasar kanta. Masana harshe na danganta sunan Labanan da tushen kalmar da ke nufin fari, tushe ɗaya da kalmar madara a Larabci. 'Yan ƙasar sun shiga gasar Olamfik ta hunturu tun 1948, kuma ko a shekarun yaƙin basasa na 1975 zuwa 1990 ba su daina tura 'yan wasa ba. Wato kakan da ke tsaye a gindin dutse yau yana kallon jikarsa, mai yiwuwa shi ma ya koyi zamiya ne a lokacin da ake luguden wuta a Bairut. Ba sabuwar ɗabi'a ce ta rashin tausayi ba, gado ne.

Abin da masu suka ke mantawa shi ne rikicin siyasa, bayan kuɗi da tsaro, lokaci yake sacewa. Yana mayar da rayuwa zaman jira: a jira a kafa gwamnati, a jira banki ya saki kuɗi, a jira wutar lantarki. Babba na iya ɗage burinsa zuwa baɗi. Yaro ba ya iya ɗage ƙuruciyarsa. Jaririn da aka haifa a makon da zanga-zangar 2019 ta ɓarke ya riga ya cika shekara biyar kafin majalisa ta zaɓi Joseph Aoun a ranar 9 ga Janairu, 2025. Da iyayensa sun ce babu wasa sai ƙasa ta daidaita, da bai san komai a duniya ba sai ƙarar janareta da fuskar uba a murtuke gaban talabijin.

Akwai kuma wani abu a cikin wasan kansa. Mai gangarowa daga dutse a kan sanduna biyu ba shi da damar tunanin farashin dala, domin idan hankalinsa ya rabu, ƙasa za ta karɓe shi. Waya na cikin aljihu, hannu na cikin safa. A kan kujerar da igiyar ƙarfe ke ja zuwa saman dutse, uba da ɗa suna zaune kafaɗa da kafaɗa na wasu mintuna, babu inda ɗayansu zai je, sai hira. Sannan wannan ne wuri guda da yaro kan fi ubansa ƙwarewa cikin ɗan lokaci, ya ga babba ya faɗi, ya tashi yana dariya yana kakkaɓe riga. A gidan da kullum faɗuwa ke nufin asarar ajiya ko aiki, ganin faɗuwar da ake tashi daga gare ta ba ƙaramin darasi ba ne.

To, ina gaskiyar masu suka? Tana cikin tambayar wa ke iya biya. Rikicin ya raba 'yan ƙasa gida biyu: masu samun dala a hannu, daga 'yan uwa a ƙetare ko aikin da ake biya da kuɗin waje, da masu albashin lira. Tikitin hawa da hayar kayan wasa sun koma lissafin dala, alhali a 2021 wata hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi uku cikin huɗu na jama'a sun faɗa talauci. Soja ko ma'aikaciyar jinya da a da ke iya kai yara sau ɗaya a shekara, yanzu sai kallo daga nesa. Wannan abin fushi ne. Amma wanda ya hana su hawa dutsen ba uban da ya ɗaure wa 'yarsa takalmi ba ne. Shugabannin da suka raba muƙamai bisa ɗariƙa da addini suka cinye baitulmali, da bankunan da suka riƙe ajiyar mutane, su ne. Zagin mai hoto ya fi sauƙi kawai saboda shi ake gani.

Hasali ma, waɗanda aka hana ɗin ba su yarda da hujjar masu suka ba. A ranakun hutu, hanyar Faraya kan cika da tsofaffin motoci maƙil da yara. Ba sa sayen tikiti. Sukan tsaya a gefen titi inda dusar ta taru, a shimfiɗa leda ko faranti, yara su zauna a kai su sulalo, a ci gurasa mai zafi, a sha shayi daga fulas, a koma gida kafin duhu da jiƙaƙƙun safa. Mazauna ƙauyukan dutsen kuwa, masu gasa gurasar da masu ba da hayar kaya da masu koyar da yara, cikin watanni uku ko huɗun nan suke neman abin da za su ci har hunturu ya zagayo.