A DAINA FASA TSOFAFFIN BANƊAKUNA DA SUNAN GYARA

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, domin in ja hankalin 'yan'uwana talakawa a kan wata ɓarna da ake yi da sunan gyara.

Malam Edita, akwai gine-gine da yawa a ƙasar nan tun na zamanin En'e da gwamnatin marigayi Sardauna, wanda ya riƙe Firimiyan Jihar Arewa daga 1954 zuwa 1966. Akwai kwatas na ma'aikata, gidajen reluwe, gidajen saukar baƙi, asibitoci da makarantun kwana. Duk wanda ya taɓa shiga banɗakin irin waɗannan gidaje ya san tayil ɗin nan ƙanana masu inci shida, wasu kore, wasu shuɗi, wasu ruwan ƙwai ko ruwan hoda, ƙasa kuma tarazo. Yau shekara sittin ko fiye, amma da yawansu suna nan daram. Tun da gwamnatin tarayya ta fito da tsarin sayar da gidajenta a 2003, da yawa sun koma hannun jama'a. To abin takaici, da mutum ya karɓi mabuɗi sai ya kira lebura da guduma, wai banɗakin tsohon yayi ne.

Jama'a, wannan shi ne gyaran gangar Auzinawa. Ni manomi ne mai ɗan taɓa tireda, ban yi karatun gini ba, amma wanda ya san zafin neman kuɗi ya san asara idan ya gan ta. Maginan da can suna shimfiɗa siminti mai kauri ne kafin su ɗora tayil, kuma sukan jiƙa shi a ruwa tukuna don ya kama sosai. Shi ya sa cire shi sai an ci bango. Na yanzu kuwa wani birkilan ɗan ɗiga siminti yake yi a kusurwa huɗu ya manna, ciki duk rami, bayan damina biyu ka ji yana ƙwal-ƙwal yana zubowa. Ga tsada. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira dubu goma, ban da yashi da tayil da kuɗin aiki. Nawa ne ribar mai tebur a wata?

Wani abin kuma, tayil ɗin nan mai sheƙi kamar madubi da ake yayi, idan ya sha ruwa da sabulu santsi gare shi. A gida mai tsoho ko mace mai ciki, wannan ba ado ba ne, tarko ne. Karayar ƙugu ga dattijo ba ƙaramin abu ba ce.

Wani zai ce ai banɗakin yana wari, bango yana jiƙa, ruwa ba ya tafiya. Gaskiya ne, amma laifin ba na tayil ba ne. Fayif ɗin ƙarfe na da shi ne ke yin tsatsa daga ciki har ya toshe ko ya huje. Sokawe ya cika ba a kwashe ba. Simintin da ke tsakanin tayil ya zaizaye, ruwa yana bi ta nan. Waɗannan su ya kamata a gyara. A sauya fayif a sa na roba, a kwashe sokawe, a kankare tsakanin tayil a cike da farin siminti. A ɗauki tsabar kuɗi ko mabuɗi a riƙa ƙwanƙwasa tayil ɗaya bayan ɗaya, wanda ya yi ƙarar fanko shi ne ya saki, a ɗaga shi a hankali a mayar. Wanda ya fashe, a ciro ɗan'uwansa daga bayan ƙofa ko wani lungu da ido ba ya kai wa. Wajen wanki kuma, ruwan zafi da omo da buroshi sun isa. Don Allah a daina zuba ruwan batir, yana cinye siminti, yana kashe hasken tarazo.

Ban ce kome na da sai an bar shi ba. Tsohon tankin masai yana shan ruwa da yawa a ja ɗaya, mu kuwa da garuwa muke saye, saboda haka a canza shi, ko a sa na tsuguno a riƙa kora da bokiti. Idan kuma bango ya tsage har tushe, to babu makawa sai rushewa.

Ko Turawan ma sun farga. A Amurka, lokacin da Eisenhower ke shugabanci daga 1953 zuwa 1961, matarsa Mamie tana son ruwan hoda, har aka yi ta yayin banɗaki mai wannan launi. Daga baya suka yi ta farfasawa. Yanzu kuma akwai masu bi suna sayen tsohon tayil ɗin don su mayar da banɗakinsu yadda yake. Ashe da tsohuwar zuma ake magani.

Babban abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne banɗakunan jama'a na kasuwa, makaranta da asibitin ƙauye. Sau nawa muka ga an fasa mai aiki, kuɗi ya ƙare, ɗan kwangila ya yi layar zana, jama'a suka koma bayan gari da gindin katanga? Daga nan ruwan sama ya kwashe ƙazanta zuwa rijiya. Kada mu manta da amai da gudawa na 2021, wanda ya kama mutum fiye da dubu ɗari a Nijeriya, ya kashe fiye da dubu uku, kuma jihohinmu na Arewa suka fi jin jiki. Jihar Jigawa ta zama ta farko da aka tabbatar ta daina bahaya a fili a 2022. Wannan ba ya ɗorewa sai da makewayi mai aiki.

Saboda haka ina kira ga shugabannin ƙananan hukumomi, kansiloli, sarakunan kasuwa da kwamitocin masallatai, kafin a sa hannu a takardar rushewa, a kira mai gyaran famfo mai tsoron Allah ya duba ya faɗi kuɗin gyara, a gwada da kuɗin sabon gini a gaban jama'a. Kuma kada a fasa tsoho sai kayan sabo sun sauka a ƙasa. Ku kuma masu gida, kuɗin da za ku zuba a tayil na gani-a-faɗa, ku sayi taki ko ku ƙara jari.

Allah Ya ba mu ikon riƙe abin da muka gada, amin. Wassalam.

Naku,
Wani manomi mai tireda,
daga ƙasar Zazzau.